Ƙa'idojin Sihiri a Ƙagaggun Labaran Hausa: Nazari a kan Hasashen Masu Karatu a Gwagwalada

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna duban ƙagaggun labarai ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari da taurari. Amma akwai wata tambaya da masu karatu suke yawan yi wa junansu, wadda ba kasafai ake jin ta a ɗakin lacca ba, wato: shin sihirin da ke cikin waɗannan littattafai yana da ƙa'idar da yake bi, ko kuwa marubuci ne kawai yake jawo shi duk lokacin da labari ya cije masa? Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki tambayar da muhimmanci, ta auna ta da wasu fitattun littattafai, musamman Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, sihirin labaran Hausa yana da tsari, kuma tsarin nan ya fi kama da na shari'a da alkawari fiye da na lissafi.

2.0 Muhallin Muhawarar

Gwagwalada ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙiro a 1976. A nan ne Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu a 1990. Gari ne da ya tara Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani da sauran al'ummomin Nijeriya, kuma Hausa tana daga cikin harsunan da suke haɗa su a kasuwa da tasha. Wannan cakuɗuwa tana da tasiri a kan yadda ake karanta labari. Yaron da ya tashi a Katsina ko Zariya, idan ya ji an ce tauraro ya matsa layar zana ya ɓace, ba ya tsayawa tambaya, domin tun a tatsuniya ya saba da ita. Amma wanda ya koyi Hausa a Gwagwalada, ya kuma haɗu da littafin a aji, sai ya tambaya: in dai yana da wannan laya, me ya hana shi amfani da ita a babin da ya gabata, lokacin da aka kama shi? Da zarar an yi irin wannan tambaya, dole wanda ya gaji al'adar ya nemo amsa, kuma daga nan ne hasashe yake farawa.

Ana iya kasa masu wannan hasashe gida biyu. Kashi na farko suna ganin babu wata ƙa'ida, domin ai labari ƙanzon kurege ne, ba a bin sa da ma'auni. Kashi na biyu kuwa suna ganin akwai ƙa'ida, marubutan ne kawai ba su zayyana ta ba, saboda haka aikin mai karatu ne ya tono ta daga abin da ya auku a labarin.

3.0 Ra'ayoyin Manazarta na Waje

Wannan muhawara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Tun a 1928 masanin tatsuniyoyi na ƙasar Rasha, Vladimir Propp, ya nuna cewa a tatsuniyoyin ƙasarsa tauraro ba ya samun abin sihiri a banza: sai ya haɗu da mai bayarwa, an jarraba shi, ya ci jarrabawar, sannan a miƙa masa. A 2007 kuma marubucin labaran al'ajabi na Amurka, Brandon Sanderson, ya kawo ra'ayin cewa gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labari, gwargwadon haka ne marubuci yake da damar warware matsala da shi. Ya bambance tsayayyen sihiri, wanda aka bayyana dokokinsa ƙarara, da sakakken sihiri, wanda aka bari a lulluɓe don ya haifar da mamaki. Daga baya ya ƙara da cewa iyakar sihiri ta fi ƙarfinsa amfani ga labari.

Idan aka ɗora littattafan Hausa a kan wannan ma'auni kai tsaye, za a yanke hukuncin cewa sihirinsu sakakke ne, tun da babu inda Abubakar Imam ko Bello Kagara suka tsaya suna lissafa dokoki. Sai dai wannan hukunci ya manta da abu guda: marubutan sun yi rubutu ne ga al'ummar da ta riga ta san dokokin tun daga gida. Bahaushe ya san maganin ƙarfe na 'yan tauri da kau-da-bara da sagau da baduhu, ya kuma san cewa kowane asiri yana da sharaɗi da makari. Abin da kowa ya sani ba ya bukatar bayani a littafi.

4.0 Ginshiƙan Tsarin

4.1 Tushe

Ginshiƙi na farko shi ne sanin inda ƙarfi ya fito, domin tushensa shi ke nuna matsayinsa. A Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East, mafi yawan abin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke yi wa juna da jama'a wayo ne tsagwaronsa, ko da an lulluɓe shi da rigar malanta. Alal misali, inda Alhaji Imam ya zana alama a ƙasa, Malam Zurƙe ya karanta ta a matsayin baƙi, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, jahilcin 'yan kallo ne ya ba shi nasara. Abin al'ajabi na haƙiƙa bai bayyana sosai ba sai a ƙarshen tafiya, inda taimakon aljannu ya shigo. Ke nan littafin ya raba asirin ƙarya da na gaskiya, kuma mai karatu bai taɓa ruɗewa tsakaninsu ba. A Ganɗoki na Bello Kagara kuwa, wanda shi ma ɗan wannan gasa ne, tauraron da ɗansa Garba Gagare sun shiga duniyar aljannu suna yaƙi da sunan addini, saboda haka an ɗora tushen ƙarfinsu a bisa na abokan gabarsu tun kafin a zare takobi.

4.2 Sharaɗi

Ginshiƙi na biyu shi ne, ba a ba da ƙarfi sai da sharaɗi. Littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a 1951, ya samo asali ne daga labarin jarumin Rasha Iliya Muromets. An haifi Iliya ba ya iya tafiya, har sai da wasu baƙi suka zo suka zama sanadin warkewarsa da samun ƙarfinsa. Amma tare da kyautar sai suka gargaɗe shi game da wasu jarumai da bai kamata ya kara da su ba, cikinsu har da Wargaji. Wannan gargaɗi shi ne dokar labarin. Haka kuma a labarin Sarkin Busa na cikin Magana Jari Ce, wanda ya samo tushe daga almarar mai busa na garin Hamelin a Jamus, busar da ta zama rahama ga gari ita ce ta koma azaba da aka saɓa alkawarin biyan lada. Busar ba ta sake ba. Matsayin mutanen gari game da alkawari ne ya sake. Wannan shi ya sa aka ce tsarin ya fi kama da shari'a.

4.3 Makari

Ginshiƙi na uku shi ne, duk abin da aka ƙulla ana iya kwance shi. Hausawa suna cewa an gano lagon wane, wato an san inda ƙarfinsa yake karyewa. Ruwan Bagaja shi kansa makari ne: ciwon ɗan sarki ya gagari magani, Liman ya ambaci ruwan a fada aka yi masa dariya, Alhaji Imam ya fita nemansa don ya wanke wannan wulaƙanci, bai komo ba sai bayan shekara 15. Tsawon tafiyar shi ne kuɗin makarin. Da a bayan gari ake ɗibar ruwan, da babu littafin. A labarin Alauddin, wanda Hausawa suka sani ta hanyar hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, lagon ya fi fitowa fili: aljanin fitila yana bin wanda fitilar take hannunsa ne, ko shi wane ne, saboda haka wanda ya sace ta ya sace ƙarfin baki ɗaya.

4.4 Iyaka

Ginshiƙi na huɗu shi ne wanda ya fi bambanta labaran Hausa da takwarorinsu na Turai na zamani. Komai ƙarfin boka ko aljani ko jarumi, ba ya ƙetare ƙaddara da ajali. Iliya, bayan duk yaƙe-yaƙensa, ya ƙare ne da roƙon Allah ya mayar da shi dutse tare da dokinsa Ƙwalele. Ƙarfin da aka ba shi aro ne, kuma ya mayar da shi ga Mai shi. Wannan iyaka tana da nasaba da tauhidin marubutan da na masu karatunsu, domin labarin da ya bar sihiri ya yi nasara ta ƙarshe ba zai sami karɓuwa a makaranta ko a zaure ba.

5.0 Matsalar Aku

Babu tauraron da ya fi jawo hasashe kamar Aku na Magana Jari Ce, littafi mai juzu'i 3 da ya fito tsakanin 1937 da 1939. Tun farkon zuwansa fadar Sarki Abdurrahman, Aku ya nuna yana da sanin da ya wuce na tsuntsaye, har da ba da labarin abin da bai riga ya auku ba. Daga nan sai masu karatu su rabu. Wasu su ce aljani ne a siffar tsuntsu, wasu su ce ɗan duba ne, wasu kuwa su ce kunne ne kawai da basira, irin na wanda ya daɗe a fada yana sauraro.

Hanyar warware wannan ita ce a dubi abin da Aku ya aikata a lokacin da lamari ya tsananta. Sa'ad da Waziri ya ƙulla makircinsa, Musa kuma ya ƙudurta fita, Aku bai ɗaure shi da asiri ba, bai rufe ƙofa da tsafi ba. Labari ya riƙa ba shi dare bayan dare, har gari ya waye. A juzu'i na biyu da labari ya kara da Haziƙ, a na uku kuma da labari ya tarbiyyantar da ɗansa Fasih. Wato a juzu'i ukun nan makaminsa guda ne, kuma sunan littafin ya riga ya faɗe shi. Saboda haka ra'ayi na uku ya fi ƙarfin hujja. Imam ya ba tsuntsu baki, wannan shi ne al'ajabin da ya nemi mai karatu ya amince da shi. Bayan haka bai ƙyale Aku ya tsallake wata matsala ba sai ta hanyar da ɗan'adam mai hikima zai iya bi. A nan ya cika sharaɗin da Sanderson ya zo ya faɗa bayan kimanin shekara 70.

6.0 Littattafan Yaƙi na Baya-bayan Nan

Daga shekarun 1990 adabin kasuwar Kano ya haifar da jerin littattafan yaƙi da bokaye da aljannu, masu fitowa juzu'i bayan juzu'i, kuma Abdul'aziz Sani Madakin Gini yana daga cikin sanannun marubutan wannan fanni. Irin waɗannan littattafai sun ƙara wa muhawarar zafi, domin jeri mai tsawo yana tilasta wa marubuci ya tuna dokar da ya kafa a juzu'in farko. Inda aka kiyaye ginshiƙan nan huɗu, mai karatu yana iya hasashen yadda za a karya boka tun kafin a kai wurin, kuma daɗin karatun yana cikin ganin ko hasashensa ya dace. Inda aka yi sakaci kuwa, sai a ga kowane juzu'i ya zo da takobin da ya fi na jiya da aljanin da ya fi na shekaranjiya, ba sharaɗi ba makari. A nan fargaba take mutuwa, domin mai karatu ya san duk ramin da tauraro ya faɗa, za a jefo masa sabon asiri ya fita. Wannan rauni ne na zubi, kuma masu karatu suna gane shi ko da ba su san sunansa a ilimin nazari ba.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa sihirin ƙagaggun labaran Hausa yana tafiya ne a kan tushe da sharaɗi da makari da iyaka, kuma marubutan farko sun gaji waɗannan ƙa'idoji daga al'ada da addini, shi ya sa ba su ga bukatar zayyana su ba. Har ila yau ta nuna cewa hasashen da masu karatu suke yi a wuri irin Gwagwalada nazari ne na zubi da tsari, ko da a bakin mai shayi aka yi shi. Ya kamata malaman adabi su jawo irin waɗannan tambayoyi cikin aji, musamman inda ɗalibai suka fito daga al'ummomi dabam-dabam, a sa su kawo hujja daga matani a kan kowane hasashe. Su kuma marubutan jerin littattafai, ya dace su lura cewa yawancin masu karatunsu na birane ba su tashi da tatsuniyar dandali ba, saboda haka sharaɗin da Imam da Ingawa suka bari a zukatan jama'a, yanzu sai an dasa shi a cikin labarin kansa, tun daga juzu'in farko.