Tarken Fassarar Salon Maganar "Set in Stone" Zuwa Hausa: Misali Daga Kolere, Mubi

Gabatarwa

Turawan Ingilishi kan ce doka ko shiri "set in stone" ne idan ba a sa ran sauya shi. Wannan maƙala za ta yi tarken hanyoyi uku na mayar da wannan salon magana Hausa, tare da la'akari da mai sauraro a unguwar Kolere ta Mubi, garin da Hausa ke haɗa Fulani da Gude da Fali.

Hanyoyin Fassara

Hanya ta farko ita ce fassarar kalma da kalma, wato "an kafa a dutse". Illarta ita ce Bahaushe zai nemi dutsen da idonsa, ma'ana kuwa ta salwanta.

Ta biyu ita ce aron karin maganar "hali zanen dutse". Siffar ta yi kusa, amma Hausawa sun keɓe ta ga ɗabi'ar da mutum ya tashi da ita, doka kuwa zama ake yi a tsara ta.

Ta uku ita ce "bakin alƙalami ya bushe". Wannan ta fi daɗin ji, ta kuma fi haɗari, domin tushenta hadisin ƙaddara ne, na 19 cikin Arba'una na Nawawi. Duk mai fassarar da ya ɗora ta kan tsarin gwamnati ya yafa wa aikin ɗan Adam rigar hukuncin Ubangiji, ya kuma kashe gwiwar mai neman gyara.

Tarihin Mubi ya isa hujja. Garin ya zauna ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da shi Nijeriya cikin Lardin Sardauna. Ya shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Da kowane tsari bushewar alƙalami ne, da na biyu bai zo ba.

Kammalawa

Ya kamata mai fassara ya dubi abin da ake zance a kansa. Ga hukuncin hukuma, "magana ta yanke" ta wadatar. Idan kuwa jimlar korewa ce, kamar yadda salon ya fi zuwa a Ingilishi, Hausa na da nata: "ai ba wahayi ba ne".