Teburin Amurka ba zai auna maka bututun gas na gidanka ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023, mutane da yawa sun mayar da janaretocinsu su yi aiki da gas. Daga nan wasu suka ce ai sai a ajiye babbar tukunya ɗaya a waje, a ja bututu zuwa murhu da janareta da hitar ruwa. In ka tambayi faɗin bututun da ya dace, sai a turo maka hoton wani teburi daga intanet. Yawanci daga kundin NFPA 54 na Amurka aka ciro shi.

Teburin yana da abin yabo. Hanyarsa ita ce ka auna nisa daga tushen gas zuwa na'urar da ta fi nisa, ka tara buƙatar duk na'urorin da kowane sashe na bututu zai ciyar, sannan ka zaɓi faɗi. Lambobinsa kuma suna rushe maganar nan ta masu aiki cewa rabin inci ya isa komai. Bututun ƙarfe na rabin inci mai tsawon ƙafa 10 yana ɗaukar kubik ƙafa 172 a awa. In ya kai ƙafa 50, sai ya sauka zuwa 72. Na kashi uku cikin huɗu na inci kuwa, a ƙafa 50 ɗin, yana ɗaukar 151. Gas na gogar bangon bututu, ƙarfinsa na raguwa da nisa, ƙarin faɗi kaɗan kuma yana ninka abin da ke wucewa.

To ina matsalar? Waɗannan lambobi na gas ɗin da ake turowa gidaje ta bututun gari ne, wanda bai kai iska nauyi ba. Na tukunyarmu gaurayen butane da propane ne: ya fi iska nauyi, kuma kubik ƙafa ɗaya na propane yana ba da zafi kusan ninki biyu da rabi. Kundin yana da teburin propane daban, amma ba shi ake yaɗawa ba.

Babban giɓin shi ne teburin ya ɗauka gas na zuwa ba yankewa. Tukunya ba haka take ba. Ruwa ne a ciki, sai ya zama tururi kafin ya fita, yana jan zafi daga jikin tukunyar. In aka ja da yawa lokaci guda, tukunyar ta yi sanyi har ta yi raɓa, ƙarfin ya faɗi. Reguletan murhu na yau da kullum ma bai cika wuce kilo 1.5 a awa ba. Ko ka sa bututu mai faɗin inci guda, ba zai ba ka abin da reguleta bai saki ba. Sakamakon shi ne wutar murhu ta yi rauni da zarar an tada janareta, hita kuma ta riƙa mutuwa.

Don haka ka ɗauki hanyar lissafin, ka bar lambobin. Karanta buƙatar kowace na'ura a jikinta, ka tara, ka fara duba ko tukunya da reguleta za su iya, sannan a zo batun bututu. Wanda zai yi maka aikin kuma, ka ce ya gwada matsin gas alhali duk na'urorin suna kunne, ya kuma nuna maka babu inda ke yoyo.