Matar Wanda Ya Ɓace: Soyayya, Tarihi da Fiƙihu a Ƙagaggen Labari

Masu sukar labarin soyayya da aka gina a kan tarihi da addini magana guda suke ta juyawa: wai abu uku ne da ba sa shan inuwa ɗaya. In ka sa soyayya ka zubar wa tarihi mutunci, in ka sa addini littafi ya koma wa'azi, in ka haɗa ukun ka yi kwaɗon da ba mai ci. Malaman jami'a da malaman zaure ba su cika haɗuwa a kan komai ba, amma a nan bakinsu ya zo ɗaya. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin littattafan da su kansu suke karantarwa.

Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta ba mu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, dukkansu a kan tarihi suke tsaye. Daga baya hanya ta rabu. Soyayya ta bi ta So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, ta sauka Kano, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa da ita, har Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa abin suna adabin kasuwar Kano. Tarihi kuma ya faɗa hannun masu littattafan yaƙi, waɗanda sadaukansu ke sara da suka a biranen da ba a taɓa yi ba. Filin da ke tsakani aka bari ciyawa ta cinye.

Kowane labarin soyayya da abin da ke raba masoya yake rayuwa. A littattafan Kano kuɗi ne, ko auren dole, ko kishiya. Wanda ya koma baya shekara 130 yana da abin da ya fi waɗannan kaifi: nisan hanya, da hari, da hukuncin shari'a. Dubi Shaihu Umar. Ba littafin soyayya ba ne, na sani, amma dabarar tana ciki ƙarara. Fadawa suka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, ƙazafi aka kore shi daga Kagara, ya samu wurin zama a Maƙarfi, ya aika matarsa ta zo. Ba ta wuce kai tsaye ba, sai ta ce bari ta je Fatika ta ga iyayenta tukuna, ta bar ɗanta Umar a hannun ƙawarta. A wannan ɗan tsakanin aka sace yaron. Lura da inda marubucin ya dasa masifar: a cikin aikin kirki. Matar nan zumunci ta je yi, don haka mai karatu ba shi da wanda zai ɗora wa laifi ya huta. Ta fita nema, ita ma aka bautar da ita, aka bi da ita Murzuk har Tarabulus, ta ga ɗanta ya zama malami, ba ta jima ba ta cika. Babu shafin da aka tsayar da labari don a yi mana bayanin haƙuri. A tafiyarta muka gan shi. Tawakkalin da ke cikin muryar littafin kuma na Umar ne, malamin da ke ba almajiransa labari, saboda haka bai yi kama da abin da aka liƙa daga waje ba.

Yanzu a ɗauki wannan dabara a haɗa ta da Risala, wadda duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya biya. Matar da mijinta ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, ana yanka mata shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, sannan aure ya halatta gare ta. Marubuci me yake nema da ya wuce wannan? An ba shi agogo. Ga ta nan tana ƙirga damina da kaka, uwar miji na cewa ɗanta na nan tafe, iyayenta na cewa ƙuruciya ba ta jira. Ga manemi na biyu, kuma kada a kuskura a mayar da shi mugu: bafatake ne mai kunya, goro kawai yake aikowa ta hannun tsohuwa. Sai wani matafiyi ya ce ya ga mijin a hannun waɗanda suka kama shi. Maganar nan guda ta sauya hukunci, domin matar kamamme ba a yanka mata wa'adin nan muddin akwai abin ciyar da ita. Ko kuma a ce wa'adi ya cika, an ɗaura aure, an sa tarewa daren Juma'a, ranar Laraba kwalekwale ya sauke mijin na farko a garin Lau. A mashhurin mazhabar Malikiyya, in na biyu bai tare da ita ba ta na farko ce, in ya tare ta kuɓuce masa. Dare biyu ke nan tsakani, da tafiyar ƙasa. Ba a riƙe hannun kowa ba, ba a ja aya ko ɗaya ba, amma wa zai iya ajiye littafin?

Shi ya sa ba na ɗaukar Amaliƙatush Shimal na Najib Kilani a matsayin abin koyi, duk da yadda ake ji da shi a sassan koyar da Larabci. Likitan nan na Masar ya kafa labarinsa a Nijeriyar zamanin Sardauna, ya warware ƙullin soyayyar da musuluntar budurwa. Francine Rivers ta Amurka ma da tuba ta rufe Redeeming Love. Sauya zuciya a babin ƙarshe hanya ce mai arha. 'Yan gida kaɗai take gamsarwa.

A Jalingo kuwa ba za ta sayu ba, kuma a ganina dalilin ke nan da ya sa littafin da nake jira daga can zai fito, ba daga Kano ba. Kayan aikin a zube suke. Masarautar Muri tun 1817 take, daga Hammaruwa ƙanin Buba Yero. A ƙarshen 1892 Sarki Muhammadu Nya ya samu taimakon Bafaranshe Louis Mizon da bindigoginsa, aka ci garin Kona da yaƙi, aka kwashi mutane bayi. A 1893 sansanin yaƙin sarkin ya zama garin Jalingo. A 1904 'yan mishan na Sudan United Mission suka hawo Binuwai ta Ibi. Su ma da nasu hukuncin suka zo: mai mata biyu ba ya samun baftisma sai ya rabu da ɗaya. Wacce? Uwargidan da aka sha wuya tare, ko amaryar da ke goyo? Ga labarin soyayya na coci sukutum, kuma da Hausa za a rubuta shi, tunda da ita ake wa'azi a majami'u da yawa na yankin tun fitowar Littafi Mai Tsarki a 1932.

Jikokin waɗanda suka kai harin Kona da jikokin waɗanda aka kama kasuwa ɗaya suke ci yau, Fulani da Jukun da Mumuye, kuma da Hausa suke ciniki. Marubucin da ya san duka ɓangarorin za su karanta shi ba zai iya ba gidansu gaskiya a kyauta ba. Dole hukuncin da ke raba masoyansa ya yi zafi ga kowa. Wannan ba aikin mai sakin shafi kullum a waya ba ne, masu karatu na yi masa tsiya in ya makara. Sai an zauna da tsofaffi a Kona da Lau da Mutum Biyu, an leƙa sashen tarihi na Jami'ar Jihar Taraba. Tambayar farko da zai kai musu ita ce ko alƙalin Muri a 1893 zai saurari ƙarar matar Kona da aka kama mijinta, in kuwa ba zai saurara ba, gaban wa take kai kukanta, kuma shekara nawa danginta ke yanka mata.