Tsofaffin Kalmomin Ingilishi: Waɗanne ne Suka Cancanci a Sani?

A shekarar 2012 Mark Forsyth ya wallafa littafinsa mai suna The Horologicon, inda ya tattaro kalmomin Ingilishi da aka daina amfani da su, ya jera su bisa sa'o'in yini. Littafin yana da daɗin karatu. A cikinsa ne ɗalibi zai ci karo da "uhtceare", kalmar tsohon Ingilishi mai nufin damuwar da ke hana mutum barci kafin asuba.

Sai dai akwai abin dubawa. Irin wannan aiki ya fi karkata ga kalmomi masu ban mamaki ko ban dariya, waɗanda ɗalibi zai iya gama karatunsa bai sake ganinsu ba. Kalmar "overmorrow", wato jibi, misali ce. Masu sha'awar tsofaffin kalmomi suna yawan jimamin ɓacewarta, amma Bahaushe da ke da jibi da gata da citta ba zai ga abin mamaki a nan ba.

Kalmomin da suka fi ba ɗalibi wahala su ne waɗanda yake ganin ya sani. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, "prevent" tana nufin riga wani zuwa, ba hana shi ba, "meat" kuwa abinci ce kowane iri. Wanda ya karanta da ma'anar yau zai fassara nassin a karkace, kuma babu abin da zai sa ya buɗe ƙamus.

Haka lamirin "thou" yake. Saboda ana jinsa cikin addu'a, ɗalibai da yawa suna ɗaukarsa na girmamawa. A zamanin Shakespeare kuwa na mutum ɗaya ne, kamar kai ko ke, ana faɗa wa ɗa ko bara ko aboki na kusa. "You" ita ce ta jam'i da ladabi, tamkar yadda ake ce wa dattijo ku. Shi ya sa a wasan Twelfth Night, Sir Toby ya shawarci Sir Andrew da ya kira abokin hamayyarsa da "thou" cikin takardar neman faɗa. Mai fassarar da ya sa ku a wannan wuri ya mayar da cin mutunci gaisuwa.