Bayin da Ba Su Yi Waƙa Ba: Tsokaci a Kan Shaihu Umar

Manufar wannan ɗan nazari ita ce sake duban jigon bauta a cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar. Manazarta sun sha yabon littafin saboda natsuwar salonsa, mu ma ba mu da ja. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne yadda marubucin ya bar bayinsa cikin kaɗaici.

A dubi tauraron. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi zuwa Ber Kufa, inda ya sami gata da ilimi har ya zama shaihi. Mahaifiyarsa kuwa, da ta fita nemansa, bauta ta ja ta har Tarabulus, suna haɗuwa rai ya yi halinsa. Wato ɗa ya tsira da alherin ubangida, uwa ta ƙare ita kaɗai. Da wuya mai karatu ya ga inda bawa ya riƙe hannun bawa, balle ya ji sun haɗa murya.

Alhali kuwa a waɗannan ƙasashen bayi sun yi jama'a. A birnin Tunis, inda Ahmad Bey ya soke bauta a 1846, mutanen ƙasar Hausa da Barno sun kafa gidajen taro irin su Dar Barnu, wato Gidan Barno. Nan baƙo ko 'yantaccen bawa kan sami masauki da masu jin harshensa, kuma abin da ya ɗaure gidajen shi ne kiɗan bori. Bature A. J. N. Tremearne ya tarar da Hausawan Tunis da Tarabulus suna yin sa, ya bayyana shi a littafinsa na 1914. Jikokinsu sun riƙe kiɗan da sunan stambeli, ana kaɗa gumbri mai tsirkiya uku, ana kiran iskoki irin su Kuri da kalmomin Hausa, ko da yake Larabci ya zama harshensu. Wanda aka raba da dangi, ashe amshi kan zame masa dangi.

Mu mazauna Mubi batun bai yi mana nisa ba. Daga Mayo Bani zuwa Madagali ba wata doguwar tafiya ba ce, can kuwa Hamman Yaji ya bar kundin da ya rubuta tsakanin 1912 da 1927, yana lissafa mutanen duwatsu da ya kamo da adadi, kamar yadda yake lissafa shanu. Kundin bai adana muryarsu ba.

To, me ya sa Ɓalewa ya yi shiru? A ganinmu dalili biyu ne. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, kuma mai ba da labarin shaihi ne a gaban almajiransa. Irin wannan baki ba zai ambaci bori da alheri ba. Sannan gasar ta Turawan mulki ce, waɗanda labarin bawa guda mai haƙuri ya fi kwanta musu a rai bisa labarin bayi masu haɗin kai. Dalilin farko muna yi masa uzuri, domin ya dace da zubin labarin. Na biyun ne ya jawo wa uwar Umar ta zauna a Tarabulus, garin da 'yan'uwanta ke kiɗa, ba tare da ko ɗaya ya leƙo ta ba.