4.3 Matsalar Fassara Aikatau “Accrue” Zuwa Hausa

A wannan sashe za a duba yadda ake fassara aikatau na Ingilishi “accrue”, wanda ake yawan cin karo da shi a takardun rance. Asalin kalmar daga Latin ne, ta biyo ta Faransanci, kuma tushenta yana nufin girma ko ƙaruwa. Ma’anarta ita ce abu ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan saboda wucewar lokaci, har ya zama haƙƙin wani ko nauyi a kansa, ko da ba a biya ba tukuna.

Sau da yawa masu fassara kan yi amfani da “tara”. A ra’ayin mai wannan bincike, wannan fassara tana da rauni. Bisa rabon da Parsons (1960) ya yi wa aikatan Hausa zuwa giredi 7, “tara” tana giredi na 1, kuma tana buƙatar mai aikatawa da karɓau. “Taru” kuwa tana giredi na 7, ba ta ɗaukar karɓau. Misali:

(a) Ya tara kuɗi.
(b) Kuɗin ruwa sun taru a kansa.

A jimla ta (a) mutum ne ya sa hannu da niyya. A jimla ta (b) kuwa, yana kwance abin yake hawa. A karin harshen Malisa, ƙasar Gwandu, za a ji an ce “kuɗɗin da sunka taru”. Idan aka ce wa manomin da ya ci rancen taki zai “tara” kuɗin ruwa, yana iya ɗauka wani abu zai samu, alhali bashi ne ke ƙaruwa a wuyansa kowane wata.

Sai dai ita ma “taru” ba ta cika ma’anar ba, domin jama’a kan taru a kasuwa cikin sa’a guda. Wato ba dole ne ta nuna sannu-sannu ba, irin wanda karin maganar nan ta “da yayyafi kogi kan cika” ke nunawa. Saboda haka ya kamata mai fassara ya ƙara bayanau, ya kuma fayyace wanda abin ya shafa: “yana taruwa a hankali a kan uwar kuɗi” ga mai cin bashi, “yana tarar masa” ga mai ajiya. Da haka mai sauraro zai gane ko shi ke bi, ko shi ake bi.