Kalmar "Zafi" da Kayan da Aka Ɗora Mata

Jama'a, akwai wata kalma a bakinmu wadda ta fi jakin fatake ɗaukar kaya, ita ce "zafi". Rana ta yi zafi, kunu ya yi zafi, wannan kowa ya sani. Amma wanda kunama ta harba, shi ma zafi ya ke kuka, ko da a sanyin asuba ta harbe shi. Yaron da ya riga kowa cafke kaza, mu kan ce yana da zafin nama, yabo ke nan. Wanda ba a taɓa shi sai faɗa kuwa, mai zafin rai ne. Dubi fa, nama kaɗai aka sauya da rai, yabo ya koma suka.

A hira duk wannan ba ya kawo ruɗani, don mai ji ya san inda aka dosa. Har ma binciken masana ya ba kakanninmu gaskiya a wuri guda. A 1997 wani masani a Amurka, David Julius, da abokan aikinsa suka gano cewa abin da ke jin yajin barkono a jijiyoyinmu shi ne kuma ke jin ƙunar abu mai zafi. Ashe wanda ya fara cewa barkono da zafi bai yi kuskure ba.

Inda na ke da magana shi ne wajen masu rubuta mana kimiyya da Hausa. A can kalma ba ta da damar yin fuska biyu, ga shi kuwa sau da yawa su kan kira abu biyu daban da suna ɗaya. Je ka maƙera ka gani. Tartsatsin da ke tashi in ana dukan ƙarfe ya fi tafasasshen kunu zafi nesa ba kusa ba, amma ya kan faɗa wa maƙeri a hannu ya ci gaba da aikinsa. To, a tuntsura masa ludayin kunu guda, sai ya ajiye masaba. Me ya sa? Zafin tartsatsi mai tsanani ne, amma ɗan kaɗan ne. Na kunu bai kai shi tsanani ba, sai dai yawa. Tsananin nan shi ma'aunin zafi ke nunawa, shi ne a ke nufi in an ce jikin mai lafiya digiri 37 ne, ruwa kuwa ya kan tafasa a wajen digiri 100. Yawan kuwa wani abu ne daban, ƙarfi ne da ke barin abu mai zafi ya shiga mai sanyi, kuma shi ne ke cinye mana itace.

Marubucin da ya ce "tukunya ta fi kofi zafi", alhali yawa ya ke nufi, ya ɓad da mai karatu. Mai karatun nan kuwa, wanda ya koyi baƙi da girmansa, ba littafin zai zarga ba, kansa zai zarga, ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa. Wannan shi ya fi ba ni haushi.

Wasu su kan ce Hausa ce ta gaza. Ban yarda ba. Harshen da ya raba ɗumi da ƙuna, ya raba raɗaɗi da zogi, ya ware zufa da zazzaɓi, ba zai kasa wannan ba. A rubuta "tsananin zafi" a inda a ke ƙidaya digiri, a rubuta "yawan zafi" a inda a ke lissafin itacen da zai tafasa tukunya, a kuma riƙe su haka daga shafin farko har na ƙarshe.